Korar Sojan Faransa Daban, Toshe Kunne Daban

A hutun Babbar Sallar da ta wuce, ƙanwata ta wajen baffa ta bayyana a gaban manya cewa so take ta karanci kimiyyar harshen Ingilishi haɗe da Faransanci a jami'a. Baffa ya ajiye kofin shayinsa ya dube ta ya ce, "Ke yanzu duk karatun duniya ki rasa wanda za ki ɗauko sai yaren Nasara har biyu? Taura biyu ba ta taunuwa." Wani ɗan'uwanmu, wanda wayarsa ba ta rabo da hotunan shugabannin sojan Sahel, ya ɗora da cewa ai Faransanci ya riga ya mutu, mutanen Nijar da kansu sun yi masa sutura. Na ce, "Baffa, a yi mini afuwa, ni ina bayanta." Ba a ba ni damar ƙarasawa ba domin an kira sallah. Ga ragowar maganar.

Bari in fara da batun suturar, tunda shi ne ya fi tashe. Gaskiya ne sojojin Faransa sun kammala ficewa daga Nijar a Disambar 2023, kuma a Maris na 2025 ƙasar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Gaskiya ne kuma sabon kundin da gwamnatin Janar Tiani ta fitar a wannan watan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da duk mai kishin harshen nan zai yi murna da shi. Sai dai masu yaɗa labarin ba su cika karanta abin da ya biyo baya ba. Kundin ya ce harsunan aiki su ne Ingilishi da Faransanci. Wato haɗin da ake yi wa yarinyar nan dariya a kansa, shi ne hukumomin Yamai suka rubuta da hannunsu a matsayin harsunan da za a tafiyar da ofis da su. Burkina Faso ma haka ta yi. Mali ta sauke Faransanci daga kujerar harshen hukuma a tsarin mulkinta na 2023, ta bar shi a matsayin harshen aiki. Takardun ƙawancen ƙasashen uku da Faransanci ake fitar da su, har ma da sanarwar da ake zagin Faransa a ciki.

Na san wannan ne ta hanya mai ɗaci. A daren 26 ga Yulin 2023, da Kanar Amadou Abdramane ya bayyana a talabijin ɗin Nijar yana karanta sanarwar kifar da Shugaba Bazoum, da Faransanci ya karanta ta. A ɗakin labaran da nake aiki a lokacin, mu fiye da goma, kowa da digirinsa, babu wanda ya iya cewa ga abin da mutumin yake faɗa. Muka zauna muna jiran kamfanonin dillancin labarai na Turai su fassara zuwa Ingilishi, mu kuma mu mayar Hausa. Labarin maƙwabcinmu, wanda muke aure da kasuwa da makabarta tare da shi, sai da ya je Landan da Paris ya dawo kafin mu ba masu sauraronmu. Kowace kalma ta biyo ta hannun wanda ya zaɓi abin da zai fassara da abin da zai bari. A Disambar 2024 kuwa, da Janar Tiani ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, kafin gari ya waye ta karaɗe Arewa, har mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ya fito ya mayar da martani da Hausa. Abin da aka faɗa mana da harshenmu mun ji shi. Dokoki da yarjejeniyoyi da hukunce-hukuncen kotu da rahotannin kasafin kuɗi, waɗanda da su ne ɗan jarida zai auna ko maganar shugaba gaskiya ce, suna nan a rubuce da harshen da muke alfaharin ba mu iya ba.

Za a ce ai Bahaushen Kano da na Damagaram ba sa bukatar tafinta. A kasuwar Jibiya ko Illela haka ne. Amma direban da jandarma ya tsayar a hanyar Maraɗi, takardar da za a miƙa masa ya sa hannu ba da Hausa take ba. Ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wani zai biya ya karanta masa abin da ake tuhumarsa da shi. Duk ƙasashen da muke iyaka da su ta ƙasa, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, da Faransanci suke aiki. Ko bayan ficewar ƙasashen Sahel uku a Janairun 2025, biyar daga cikin ƙasashe 12 da suka rage a ECOWAS masu Faransanci ne. Hukumar Tafkin Chadi tana Njamena, Bankin Raya Afirka yana Abidjan. Kujerun aiki a waɗannan wurare ba sa zama babu kowa don mun yi fushi. 'Yan Kamaru ne ke hawa, domin jami'o'insu na Yawunde da Buea sun daɗe suna yaye ɗalibai a wannan haɗin, kuma tun 1985 suke da babbar makarantar horar da masu fassara da tafintoci a Buea.

To amma ba na son in tsaya a kan batun samun aiki, domin wanda ya kare ilimi da hujjar albashi kaɗai, ranar da aka nuna masa mai digirin da ke zaman kashe wando hujjarsa ta faɗi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabin farko na karatun, wanda Baffa bai ma lura da shi ba: kimiyyar harshe.

Yawancinmu mun koyi Ingilishi da bulala. An nuna mana shi kamar wani abu da ya sauko a kammale, wanda ya yi kuskure a cikinsa jahili ne. Kimiyyar harshe tana kwance wannan tsoron ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ya zauna ajin tsarin sauti zai gane dalilin da ya sa Bahaushe ke cakuɗa p da f. A Hausa sauti guda ne, wanda wani ke furtawa da leɓɓa biyu, wani ya mayar da shi h, shi ya sa Bakano ke cewa tafi Basakkwace ya ce tahi. Kunnen da ya tashi a kan wannan tsarin bai ga dalilin raba su ba. Sai ɗalibin ya shiga ajin Faransanci ya tarar Bafaranshe ma ba ya iya furta th ɗin Ingilishi, ba ya kuma furta h, kuma babu wanda ya taɓa kiransa bagidaje saboda haka. Daga nan tambayar da za ta taso masa ta daina zama ta lafazi, ta koma ta wane ne ake yi wa dariya da kuma dalilin da ya sa. Wannan fannin shi ake kira walwalar harshe, kuma ban san wani darasi da ya fi shi amfani ga matashin Arewa da aka saba muzantawa a kan Turancinsa ba.

Harsunan biyu kuma ba baƙin juna ba ne, balle a ce taura biyu. A 1066 Normawa masu magana da wani karin Faransanci suka tsallaka teku suka ci Ingila da yaƙi. Kusan shekaru 300 fada da kotu da Faransanci suke magana, Ingilishi ya zama harshen talakawa da manoma. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Tabon wannan zamanin yana nan har yau. Mai kiwon saniya yana kiranta cow da harshen kakanninsa, wanda ake kai wa namanta a akushi yana cewa beef, daga bœuf na Faransanci. Haka sheep da mutton. Kalmomin mulki da shari'a da muke haddacewa a makaranta, irin su government da parliament da justice da court, duk ta wannan ƙofar suka shigo. Masana suna ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga Faransanci suke. Harshen da aka yi mana mulkin mallaka da shi, shi ma an taɓa mallakar masu shi, ya yi aro ya rayu. Wanda ya karanci Ingilishi ba tare da Faransanci ba, rabin wannan labarin ne a hannunsa.

Bahaushe kuwa yana shiga wannan aji da jarin da ɗan Ingila ba shi da shi. Ɗalibin Landan yana shan wahala kafin ya yarda cewa tebur da kujera suna da jinsi, mu kuwa tun muna goye muka san riga mace ce, wando namiji. Bambancin tu da vous, wanda ake ɓata makonni ana bayyana wa mai jin Ingilishi, shi ne kai da ku da muke yi wa manya. Akwai kuma wani abin da ya fi waɗannan daɗi. A Nijar ana kiran makarantar boko lakwal, daga l'école. Bahaushe ya haɗiye harafin farko, wanda a Faransanci ba ya cikin kalmar, ya mayar da shi jikinta. Haka kakanninmu suka yi wa al ta Larabci ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, shi ya ba mu labari da lahira da liman. Harshe ɗaya, ɗabi'a ɗaya, baƙi mabambanta. A wannan gefen iyaka muna cewa kwalta da biro da ɗan sanda, a wancan gefen ana jin gudro da bik da jandarma, malamin makaranta kuma mushe. Tarihin yadda Ingila da Faransa suka raba ƙasar Hausa, tun daga layin Say zuwa Barruwa na 1890 har zuwa kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, yana nan kwance a bakin 'yan tasha. Wa zai nazarce shi in ba wanda ya san harsunan uku ba?

Haka abin yake a rubuce. Tarihin Damagaram na André Salifou, ayyukan Djibo Hamani, binciken Guy Nicolas a kan Maraɗi, nazarin Bernard Caron a kan Hausar Adar, littafin Abdoulaye Mamani a kan Sarauniyar Lugu, duk da Faransanci aka rubuta su. Rahotannin ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, da Faransanci suke. Ɗalibin tarihi a Zariya yana iya rubuta kundin digiri a kan Katsina ko Gobir bai taɓa buɗe abin da aka rubuta a kan Maraɗi da Tsibiri ba, inda sarakunan garuruwan biyu suka koma bayan jihadi. Takwaransa na Yamai ma haka yake da takardun da ke ajiye a Kaduna. Wanda yake son ya tuhumi Faransa da abin da ta aikata a ƙasar Hausa, shaidar tana cikin harshenta.

Akwai gaskiya a tsoron Baffa, ba zan ɓoye ba. Haɗa fannoni biyu yana iya haifar da mai rabin sani a kowanne, kuma na ga masu digirin Faransanci da ba sa iya tambayar hanya da shi. Laifin yana wuyan yadda muka tsara abin. A ƙarshen 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta ƙasa ta maimaita haka, ta ce tilas ne a firamare da ƙaramar sakandare. An rubuta an ajiye. A makarantun gwamnati da yawa a Arewa yaro yana gamawa bai taɓa ganin malamin Faransanci ba, sai ya isa jami'a a ce ya fara daga baƙi da wasali kuma ya fito gwani cikin shekara huɗu. Ga kuma abin da ke ba ni haushi kowane lokaci na tuna. Ɗalibin Faransanci a Najeriya yana zuwa Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, domin ya zauna cikin harshen. Wato ɗan Katsina zai ratsa ƙasar nan tun daga sama har bakin teku, ya zauna tare da 'yan'uwansa masu koyo, alhali Maraɗi ba ta kai kilomita 100 daga garinsu ba, kuma akwai jami'a a can, akwai wata a Damagaram, akwai ta Abdou Moumouni a Yamai. Ɗaliban Ingilishi na waɗannan jami'o'in su ma suna bukatar zama a Kano ko Sakkwato. Musayar zango ɗaya tsakanin jami'o'in gefen biyu ba za ta ci kuɗin da ake kashewa a taron yini biyu a Abuja ba, kuma ɗalibin da ya rikice a aji yana da Hausar da zai yi tambaya da ita a waje. Muna shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ba mu tanadi wanda zai karanta takardar kaya a ɗaya ƙarshen ba.

Masu cewa a bar duka biyun a rungumi Hausa, ina tare da su a buri. Sai dai ranar da Nijar ta tashi mayar da dokokinta da littattafan makarantunta zuwa Hausa, kamar yadda sabon matsayin harshen ke nema, aikin zai faɗa ne a hannun waɗanda suka san Faransanci ciki da bai, suka kuma san yadda ake ƙirar kalma da daidaita ƙa'idar rubutu. Za su bukaci sanin abin da aka riga aka yi a Najeriya daga Ingilishi, don kada Hausar ofis ta rabu gida biyu, mu da ko harafin 'ya'ya ba mu rubuta shi iri ɗaya ba. Mutanen da za su iya wannan aikin a yau ba su da yawa a kowane gefe.

Na koma wurin Baffa bayan kwana biyu da wani ɓangare na wannan bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko yarinyar za ta iya karanta masa takardun filin da mahaifinsa ya bari a Tasawa, waɗanda suke cikin akwatinsa fiye da shekara talatin babu wanda ya san abin da ke ciki. Na ce za ta iya, in an bar ta ta je.