Jirgin Fasinja Da Ya Tare Wa Ayari Faɗa

A shekarar 1940, lokacin da Yaƙin Hitila ya yi zafi, yawancin abincin Ingila da kusan dukkan man feturinta ta teku ake kawo su. Don haka jiragen kaya sukan taru su ƙetare Tekun Atalantika ayari guda, kamar fatake, da jirgin yaƙi yana yi musu rakiya. To, amma jiragen yaƙin ba su wadata ba, sai gwamnati ta shiga karɓe jiragen 'yan kasuwa tana ɗora musu makamai.

Jervis Bay yana cikin waɗanda aka karɓe. An ƙera shi a 1922 don jigilar fasinja tsakanin Ingila da Ostareliya. A 1939 aka girka masa igwa bakwai masu bakin inci 6, tsofaffi tun na zamanin Sarauniya Biktoriya, jikinsa kuwa ba sulke ko kaɗan. Shi kaɗai aka danƙa wa amanar ayarin da ake kira HX 84, mai jirage 37, wanda ya taso daga Halifas ta ƙasar Kanada ran 28 ga watan Oktoba, 1940. Ko da an ce tilas ce ta sa, wannan rakiya ta suna ce kawai, kuma manyan sojan ruwa sun san da haka.

Ran 5 ga watan Nuwamba, da la'asar sakaliya, sai ga Admiral Scheer, wani jibgegen jirgin yaƙi na Jamus mai manyan igwa shida masu bakin inci 11, waɗanda ke iya rotse abu tun daga nesa mai yawa. Kyaftin Edward Fegen bai yi wata-wata ba. Ya ba ayarin umarni su watse, kowa ya kama gabansa, suna turnuƙe teku da hayaƙi. Shi kuwa ya juya kan jirginsa ya nufi abokin gaba, yana harbi, alhali ya san harsashinsa ba zai isa ba. Abin da yake nema shi ne lokaci, domin rana ta yi gora, duhu kuwa shi ne garkuwar mai gudu.

Tun farko-farkon wuta aka ragargaza ɗakin tuƙi, hannun Fegen ɗaya ya dagargaje, duk da haka ya ci gaba da ba da umarni. Faɗan bai kai rabin sa'a ba jirgin ya zama gobara daga goshi har wutsiya, daga bisani ya nutse da kyaftin ɗinsa. Kafin Jamusawa su waiwayi ayarin dare ya soma rufawa. Jirage biyar suka samu suka nutsar, sauran suka tsira. Sarki Joji na Shida ya ba Fegen lambar Victoria Cross bayan rasuwarsa.

Cikin mutum 254 da ke Jervis Bay, 68 kaɗai aka tsamo, uku kuma suka cika daga baya. Wanda ya tsamo su wani jirgin kaya ne na ƙasar Suwidin mai suna Stureholm, ƙasar da ba ta ma cikin yaƙin. Kyaftinsa ya komo wurin cikin dare, ana hango walƙiyar igwa, ya kwashe su ya mai da su Halifas. A watan Disamba na wannan shekara jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da Stureholm, ba wanda ya fita da rai.