Kifin Goronyo a Bazara: Wa Ke Duba Idon Raga?

Da zarar zafin bazara ya kankama, masu gasa kifi a bakin titunan Sakkwato sukan samu ciniki da yamma. Ma'aikaci ya taso daga ofis, ɗan kasuwa ya rufe shago, a zaɓi tarwaɗa ko karfasa, a barbaɗa yaji. Da wuya mai saye ya tambayi inda kifin ya fito, balle irin ragar da ta kamo shi.

A Turai da Amurka wannan tambaya ta zama sharaɗin ciniki, musamman kan jatan lande da suke gasawa a lokacin zafinsu. Tun 1989 Amurka ta kafa dokar hana shigo da jatan landen da aka kama ta hanyar da ke halaka kunkurun teku. Saboda irin wannan matsi, jiragen da ke su a tekun Najeriya suka koma sanya wa ragarsu wata ƙofa da kunkuru zai kuɓuta ta cikinta. Tsoron rasa kasuwa ne ya gyara musu hali.

Kifin madatsar ruwa ta Goronyo ba shi da irin wannan mai saye. An kammala madatsar a kan Gulbin Rima a 1984, tana iya riƙe ruwa cubic mita miliyan 942, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Don noman rani da ruwan sha aka gina ta. Su ya biyo baya ne kawai, shi ya sa ake lissafin ruwan da za a saki zuwa fadamun Wurno da famfunan Sakkwato, ba a lissafin kifin da ke ciki.

Bazara ce lokacin haɗari. Ruwa na janyewa, kifi na taruwa a wuri kaɗan, kamu ya yi sauƙi, farashi ya ɗan sauka. Amma yawancin waɗannan kifaye, irin su tarwaɗa, jiran ruwan damina suke yi su fantsama cikin ciyayi su zuba ƙwai. Duk uwar da aka gasa a Afrilu ko Mayu da ƙwanta aka gasa ta. Idan kuma aka haɗa da dala mai ƙananan idanu, ko gidan sauron da aka raba don yaƙi da maleriya, to har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba sai su ƙare a kan banda. A 2018, lokacin da ruwan madatsar ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100, hankalin jama'a ya tafi kan ƙarancin ruwan sha a birni, wanda daidai ne, sai dai kifin da ya maƙale a ragowar ruwan bai samu mai magana da yawunsa ba.

Ba doka aka rasa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma ƙayyade milimita 76 a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga, ban da 'yan keɓantattun lamura. Abin tambaya shi ne jami'in da zai shiga kwalekwale ya auna. A yankin da 'yan bindiga suka kashe mutane sama da 40 a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, kuma ƙauyukan Rabah da Wurno ke fama da hare-hare, sintirin kifi ba ya cikin abin da hukuma ke kwana da shi. Manomin da aka raba da gonarsa kuwa, idan ya faɗa su, ba ragar milimita 76 zai nema ba. Abin da zai kai gida yau yake nema.

Abin mamaki, dabarar tana nan a ƙasan wannan gulbi. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma manyan giwan ruwa da ake fitarwa a ranar shaida ce cewa ruwan da aka bari ya huta yana biya. Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan hani, da kunyar jama'a. Sarakunan ruwa na ƙauyukan da ke kewaye da Goronyo sun san mai gidan sauro da mai zuba guba fiye da kowane jami'i daga Sakkwato, amma ba su da hurumin hukunci a rubuce.

Rufe su baki ɗaya na watanni zai jefa masunta da mata masu banda cikin yunwa, don haka ba zai ɗore ba. Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne gwamnatin jiha da hukumar madatsar su keɓe wasu lungunan ruwa daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, a damƙa tsaronsu ga sarakunan ruwa, a kuma musanya wa masunta ƙananan raga da masu faɗin ido. Dillalan da ke lodin kwandunan banda zuwa birni su ma suna da ta cewa: muddin suna biyan kuɗin ƙananan kifi, za a ci gaba da kamo musu shi.