Jadawalin Kashi Ɗari Ba Ya Koyar da Gurbin Kalma

Akwai wani jadawali da ya zama ruwan dare a littattafan koyon Turanci. A samansa an rubuta "always" an liƙa mata kashi 100, a ƙarƙashinta "usually" da kashi 90 ko 80 gwargwadon ra'ayin mai littafin, sai "often", sai "sometimes" da kashi 50, har a sauko kan "never" da sifiri. Malami ya kwafa a allo, ɗalibai su haddace, a tashi darasi kowa na ganin an gama da bayanau na yawan aukuwa. Alhali ko bakin zaure ba a kai ba. Alƙaluman nan ƙiyasi ne kawai, shi ya sa kowane littafi da nasa, kuma da wuya a sami ɗalibin da ya faɗi jarrabawa don ya ba "often" kashi 60 maimakon 70. Inda ake faɗuwa shi ne gurbin da kalmar take zama a cikin jimla, kuma a kan wannan jadawalin ya yi gum.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Bayanau irin waɗannan suna zama gabanin aikatau: "He often eats rice." Idan aikatau ɗin "be" ne, sai su koma bayansa: "He is often late." Idan akwai mataimakin aikatau, suna bin mataimaki na farko: "He has never seen the sea." Abin da Turanci ba ya yarda da shi shi ne a cusa bayanau tsakanin aikatau da karɓau. "He eats often rice" kuskure ne da kunnen Bature ba ya yafewa.

Wannan kuskuren kuwa yana da asali, kuma ɗaliban Yamai da Maradi da Damagaram, da takwarorinsu na Garwa da Njamena, su ne suka fi cancanta su san shi. Faransanci ne ke ajiye bayanau a daidai wurin da Turanci ya hana: "Il mange souvent du riz." Masanin nahawu Jean-Yves Pollock ya yi fitaccen nazari a kan wannan bambanci a 1989. A 1991 kuma Lydia White ta Jami'ar McGill ta gwada yara masu jin Faransanci da ke koyon Turanci a lardin Kwibek na Kanada, ta tarar cewa waɗanda aka fito fili aka gaya musu haramcin wannan jeri su ne suka gane kuskure ne, sauran kuwa suka ci gaba da karɓarsa. Ɗalibin da ya shiga Turanci ta ƙofar Faransanci da wannan kaya yake shigowa.

Abin takaici shi ne a cikin bakinsa akwai maganin ciwon, amma ba a bari ya taɓa shi. Wane Bahaushe ne zai ce "yana cin kullum shinkafa"? Babu. Ko dai "kullum yana cin shinkafa", ko "yana cin shinkafa kullum". Hausa ma ba ta raba aikatau da karɓau da irin wannan kalma. Bugu da ƙari, mafi yawan abin da Turanci ke ɗora wa bayanau, Hausa tana bayyana shi ne da abin da ke gabatar aikatau. Lokaci sabau yana nan: yakan ci, sukan zo. Akwai kuma aikatau irin su taɓa, cika, faye, riƙa, dinga, saba. "Bai cika zuwa ba" ita ce "he rarely comes". "Ka taɓa zuwa Agadas?" ita ce "have you ever been to Agadez?" A duk waɗannan, alamar yawan aukuwa tana gaba, aikin yana biye, kamar dai yadda Turanci ya tsara. Malamin da ya tsallake Hausa ya yi bayani da Faransanci ya bar gini ya koma tono.

Wajen haɗuwa da haruffa, wato ƙananan kalmomi irin su "to" da "after" da "on", jadawalin ya fi nuna gazawarsa. Akwai aikatau da ke tafe manne da harafinsu, ma'anarsu ba ta cika sai da shi: "look after", "get up". Ana cewa "she usually looks after the children" da "he always gets up at five". Wanda ya ce "gets always up" ya yanka kalma gida biyu. Hausa ta san wannan ɗaurin, domin "kula da" haka take: takan kula da yara, ba a jin "tana kula kullum da yara" sai a bakin mai koyo. Amma inda harafin wuri kawai yake nunawa, Turanci yana ɗan sassautawa: "he goes often to the market" tana wucewa, ko da yake "he often goes" ta fi ta daɗin ji. Malami mai gaskiya zai faɗi wannan sassauci, kada ɗalibi ya ci karo da shi a littafi ya zaci an yi masa ƙarya.

Sai kuma yankunan jimla masu nuna yawan aukuwa: "on Fridays", "from time to time", "twice a week", "every day". Mazauninsu ƙarshen jimla ne ko farkonta. Ana cewa "on Fridays" ko "every Friday", ba a saba gwama "on" da "every" ba. Mai ɗauke da "deux fois par semaine" a ka shi ke haifar da "twice by week", alhali "sau biyu a mako" ta fi kusa da "twice a week" nesa ba kusa ba. Kamar da ke tsakanin "a" ɗin harsunan biyu dacewa ce kawai, amma dacewa ce mai taimakon hadda.

Ɓarnar jadawalin ba ta tsaya a Turanci ba, ta juyo kan Hausa. Ɗalibin da aka koya wa kalma ɗaya ma'ana ɗaya, idan ya zauna fassara, duk inda ya ga "never" sai ya rubuta "har abada". Alhali "he never drinks tea" ita ce "ba ya shan shayi sam", "he has never drunk tea" ita ce "bai taɓa shan shayi ba", "he will never drink tea" kuma "ba zai taɓa shan shayi ba". Kalma guda, gini uku. Haka nan "he is always complaining" ba lissafin kashi 100 ba ne, ƙosawa ce, kuma Hausarta "ya cika ƙorafi". Wanda ya fassara ta da "a koyaushe yana yin ƙorafi" ya kawo gangar jikin maganar ya bar ranta a baya.

Masu kare tsohuwar hanya suna da hujjoji biyu da ba za a raina ba. Ta farko, Hausa ma tana iya jefa ɗalibi a rami: korewarta mai ƙafa biyu, "bai taɓa ... ba", takan ja shi ya ce "I haven't never", kuma "kullum" da ke buɗe jimla takan haifar da "always he comes", wadda Turanci ba ya so sai a umarni, kamar "always lock the door". Gaskiya ne, amma "ne ... jamais" ma ƙafa biyu gare ta, don haka Faransanci bai tsira daga wannan zargi ba. Ta biyu, White kanta da ta koma bayan shekara guda ta tarar yaran sun koma gidan jiya. Wannan hujja ce a kan darasin mako biyu da ake yi a rufe, domin yaran nan ba su da wani harshe a gida da ke tuna musu ƙa'idar. Ɗan Hausa yana da shi, da shi yake cinikin goro.

Tun da kundin da hukumomin Nijar suka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki, masu fassara tsakanin Hausa da Turanci kai tsaye za a ƙara nema a ofisoshi da gidajen rediyo. Ɗaliban da ke haddace "usually, kashi 90" a aji yau, su ne za a miƙa wa takardun.