Akaifar kyanwa: a yanke ko a bari?

Yau zancen kyanwa za mu yi, wadda wasu ke ce wa mage, wasu mussa. Kar ku yi dariya. Duk wadda ta ci bashin asusu ta sayi wake ko gujiya ta aje sai sun yi tsada, ta san ɓarnar da kusu ke yi wa buhu cikin dare guda. Kyanwa ce mai gadin jarinmu, kuma makaminta akaifa. To, in tana yagar yara ko tana ɓarka gidan sauro, a yanke mata ko a bari?

Kyanwa mai ƙarfi, mai kwana wajen rumbu tana farauta, a bar mata abinta. Da akaifar take kama kusu, da ita take haye icce in kare ya biyo ta. Ita da kanta take gyara ta: in kun ga tana kartar icce, tsohon ɓawon take zubarwa. A aje mata guntun icce ko tsohuwar tabarma, sai ta bar muku katifa.

Wadda ake yanke wa ita ce tsohuwa da ta rage yawo, ko wadda ke wuni cikin ɗaki ko shago. Akaifu 18 gare ta, biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a kowace ta baya. Ta biyar ɗin nan ta gaba tana can gefe, ba ta taɓa ƙasa, don haka ba ta cinyewa. In an ƙyale ta sai ta lanƙwashe ta shige nama, wurin ya yi ruwa, kyanwa ta koma ɗingishi. Ki riƙa dubawa ko da sau ɗaya a wata.

Ga yadda ake yi. Ki bari sai ta ƙoshi ta kwanta. Ki naɗe ta da zane, ƙafa guda a waje, wata ta riƙe miki. Ki danna tafin ƙafar a hankali, akaifar za ta fito. Ki duba cikin haske: akwai wani jaja-jaja daga ciki, nan jini da jijiya suke, kar ki kai can. Farin tsinin kawai za ki cire, kamar milimita 2, da abin yanke akaifa na ƙarfe da aka keɓe mata. Ban da reza, ban da wuƙa. In ta fara fushi, sake ta, gobe ma rana ce. In jini ya fito, danna wurin da tsumma mai tsabta har ya tsaya. Kuma don Allah kar ki ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi. Akaifar da ta riga ta shige nama aikin likitan dabbobi ce.

Sai maganar yaranmu. In kyanwa ta yagi yaro ko ta cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, kar a shafa toka ko ƙasa. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare, wanda in ya bayyana ga mutum ba ya da magani. In baƙuwa ce, ko taku ce amma halinta ya sake, a tafi likita ranar nan, kar a jira. Haka in bayan sati ɗaya zuwa uku kaluluwa ta fito wa yaron a hammata ko wuya, a kai shi a duba, a faɗa musu kyanwa ce ta yage shi. A kuma hana yara jan wutsiyarta da taɓa ta in tana shayarwa.

Ranar zubi mai zuwa, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran. Allah ya tsare mana jarinmu da ɗiyanmu. Sai wata na gaba.