Wanda Ya Rasa Ido Da Furfura

Makantar da ta sami mutum yana yaro dabam take da wadda ta riske shi da furfura. Yaro tashi yake yi da ita, ƙafarsa ta saba da ƙasa, kunnensa ya koyi auna nisan bango. Amma dattijon da ya shekara 60 yana karanta Alƙur'aninsa da kansa, yana ƙidaya cinikinsa a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal cikin garin Bauci, ran da duhu ya rufe shi sai ya koma baƙo a gidan da ya gina da guminsa.

Irin waɗannan dattawa ba kaɗan ba ne. Binciken da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa fiye da mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. A Arewa maso Gabas kuwa, inda Jihar Bauci take, abin ya kai 6 cikin 100, watau ya fi na kowane sashe. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17.

Saboda haka abin da ya fara wajaba a kan iyali shi ne su san wace iri ce ta kama nasu. Cewa "tsufa ne" ba amsa ba ce. Yana dai likita na cire ta cikin ɗan lokaci, ya sa ƙwayar roba a madadin wadda ta dushe, mutum ya koma gani. Masu yawo gari-gari suna tura yanar cikin ido da tsinke, su kam ɓarnarsu ta fi gyaransu yawa. Hawan jinin ido kuwa ɓarawo ne marar motsi, daga gefe yake cin gani. Dokta Mohammed Abdull, likitan ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi da abokan aikinsa sun bayyana cikin 2015 cewa akasarin masu wannan ciwo sai ya ci ƙarfinsu suke zuwa asibiti, kuma kaɗan ne ƙwarai ke yarda a yi musu aiki. Abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya tsare saura. Yana kuma bin jini, don haka 'ya'yan mai shi su ma su je a auna su.

To, amma fa babbar magana tana cikin gida, bayan likita ya ce iyakar ke nan. A nan ne ƙauna kan yi ɓarna. "Baba, ka zauna, za a yi maka." "Inna, bari, kada ki ƙone." Da wannan lafazi mai daɗi ake karɓe mabuɗin shago daga hannun maigida, a raba uwargida da madafinta, a daina shawara da su kan auren jikokinsu. Ana shiga ɗaki a gaishe da kowa, shi kuwa a tambayi na kusa da shi ko ya ci abinci, sai ka ce kunnen ma ya tafi. Kafin shekara ta kewayo ƙafa ta yi nauyi saboda zama, zuciya ta karaya, mutane su ce makanta ce ta kwantar da shi. Alhali Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, da tsufa ya rasa ganinsa, bai kuwa fasa karantarwa da ba da fatawa ba.

Taimakon da ke da amfani ƙanana ne, sai dai suna son haƙuri. Buta da kujera da takalmi kowanne ya sami mazauni guda, kada a gusar ba a faɗa masa ba. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi. Mai shigowa ya faɗi sunansa bayan sallama, mai fita ya ce zai fita, don babu abin da ke kunyata dattijo kamar ya tsinci kansa yana zance da bango. In za a yi masa jagora, shi ne zai riƙe gwiwar hannun mai jan, ba a fizge shi ba. Kuɗi a naɗe masa kowace takarda da irin naɗinta. Wayoyin zamani ma suna karanta sunan mai kira da murya, in jika ya zauna ya koya masa.

Sai batun sanda, wadda dattawa da yawa ke gudu don kada a ɗauke su mabarata. Gudun nan yana da tsada, domin maimakonta yaro ake cirewa daga makaranta ya zama ɗan jagora. Amma kuma sandar ba ta isa ita kaɗai. Dokar hana wariya ga naƙasassu da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Tsakanin ƙofar gida da masallacin unguwa kuwa, kwatar da ba murfi da babur ɗin da aka jingine a bakin hanya, waɗannan aikin mai unguwa da maƙwabta ne.