Son Zuciya Da Ma'aunin Hankali

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, maganarmu ta wannan mako a kan wata cuta ce wadda ba ta ƙyale malami ba balle almajiri, watau shigar son zuciya cikin fahimtar magana, da kuma wani maganinta wanda mutane da yawa suka raina.

Kowa ya san yadda abin yake aukuwa. Mutum biyu su haɗa jari bisa yarjejeniya a rubuce. Muddin ana samun riba babu mai neman takardar. Ran da aka faɗi kuwa, sai kowa ya ɗauko ta, su karanta layi guda, wannan ya ga ta ba shi gaskiya, wancan ma ya ga shi ta ba. Haka yake a ofis. Dokar ƙarin girma ɗaya ce, amma sa'ad da fayil ɗin ɗan garinsu ya iso gaban babban akawu sai ya ga dokar da faɗi, idan na baƙo ne sai ta ƙuntata. Abin tsoro a nan shi ne, galibin waɗannan mutane ba da gangan suke yi ba. Kowannensu yana iya rantsuwa a kan abin da ya gani, domin lalle haka ya gani. Zuciya ce ta riga ido isa kan takardar, ta gama hukunci, sa'an nan ta aiki hankali ya nemo mata hujja. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, to, ƙi ma yana hana ganin alheri.

Shari'a ta san wannan halin na ɗan Adam tun da daɗewa. Shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya ba a karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa, ko ta ɗa don amfanin ubansa, ko ta abokin gaba a kan wanda yake gaba da shi, ko da kuwa mai shaidar an san shi da salla da azumi. Kuma aka hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Ba a ce musu maƙaryata ba. An dai san cewa ƙauna da ƙiyayya da fushi suna karkatar da gani ba tare da mai su ya ji ba.

Malamin da ya fi zurfafa bincike a kan wannan shi ne Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a shekara ta 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya keɓe kansa a wani gari mai ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau, inda a shekara ta 1377 ya rubuta littafinsa da ake kira Muƙaddima. A ciki ya lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga cikin labaran tarihi, kuma na farkon da ya ambata shi ne ɓangaranci ga ra'ayi ko mazhaba. Bayaninsa kuwa shi ne, zuciyar da take tsaye daidai takan binciki labari kafin ta karɓa, amma wadda ta riga ta karkata, da zarar labarin ya dace da karkatarta sai ta haɗiye shi ba tauna.

Bai tsaya ga faɗin cutar ba, har ya nuna yadda ake gwada labari. Masu tarihi irin su Mas'udi sun rawaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sun kai mutum 600,000. An yi ɗaruruwan shekaru ana kwafar wannan adadi daga littafi zuwa littafi. Ibn Khaldun ya ajiye girman sunan masu ruwayar a gefe, ya yi lissafi. Ya ce daular Farisa, duk da faɗinta da ƙarfinta, abin da ta iya tarawa a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ne. Ya ce kuma Annabi Yaƙubu ya shiga Masar da iyalinsa mutum 70, tsakaninsa da Annabi Musa kuwa iyaye huɗu ne kacal, to, ta yaya zuriya za ta yaɗu haka cikin wannan ɗan lokaci? A lura da abin da ya yi. Bai tambayi wa ya faɗa ba, ya tambayi ko abin yana yiwuwa bisa ga yadda Allah Ya tsara rayuwar jama'a.

Irin wannan tunani, wanda yake tuɓe wa magana sunaye da fuskoki ya bar ƙashinta kaɗai, shi ne aikin ilmin manɗiƙi, wanda yake ƙofa ce ta falsafa. Ga misali. A ce: duk wanda aka ba amana ya ɓatar da ita ta hanyar sakaci, biya ya hau kansa. Wane an ba shi amana, ya ɓatar da ita ta hanyar sakaci. Sakamako a fili yake, biya ya hau kan Wane. Masu wannan ilmi sukan sa Zaidu ko Amru, ko ma harafi guda, a gurbin Wane, don kada mai tunani ya san ko surukinsa ne ko abokin hamayyarsa na kasuwa. Idan ka yarda da hukuncin sa'ad da yake kan harafi, sa'an nan ka ji ƙirjinka ya ƙuntata da aka cire harafin aka sa sunan ɗan'uwanka, to, ka kama ɓarawon da hannunka.

Wani attajiri zai ce, Malam, wannan ai ilmin marasa aikin yi ne, ba ya sa tuwo a baki. Amsa ita ce, mudu ma ba a cin sa, sikeli kuma ba a ɗinka riga da shi, amma a ɗauke su daga kasuwa kwana ɗaya a ga yadda za a kwashe. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai idon mai sayarwa da na mai saye ƙimarsu ba ta zama ɗaya, don haka aka koma ga abin da ba shi da dangi a kasuwar. Ko lissafin aljabara, wanda ake gani kamar wasa da alamu ne, littafin da Khawarizmi ya rubuta a kansa a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban sashensa a kan rabon gado da wasiyya yake. Ilmin da ya fi kowane nisa da kasuwa shi ne ya zo yana raba gardama tsakanin magada.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, watau 1111, an san shi da sukar masu falsafa. Amma kafin ya rubuta littafin da ya rushe ra'ayoyinsu a cikinsa, sai da ya rubuta wani inda ya bayyana manufofinsu kamar yadda su kansu suke faɗi, ba ragi ba ƙari. Ya kafirta su a mas'aloli uku, ya bidi'antar da su a goma sha bakwai, duk da haka ya ɗauki manɗiƙinsu ya sa shi a farkon littafinsa na usulul fiƙhi mai suna Mustasfa. Ya kuma gargaɗi mutum iri biyu. Na farko shi ne wanda ya ga ƙwarewarsu a lissafi, sai ya bi su ido rufe har cikin maganarsu a kan Ubangiji. Na biyu shi ne masoyin addini marar sani, wanda ƙiyayyarsa gare su ta sa ya musanta har lissafinsu na husufin rana da wata, sai mai ilmi ya ji shi ya zaci addinin ne aka gina kan jahilci. Wannan so ya ɓatar da shi, wancan ƙi, amma dukansu biyu sun auna magana da mai maganar.

Wannan muhawara ta shafi ƙasarmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505. Suyuɗi yana ganin haramcin shagaltuwa da manɗiƙi domin asalinsa daga mutanen Yunan ne, yana kuma tsoron ya janye mutane daga hadisi. Magili kuwa ya kare shi, yana ganin gaskiya ana karɓarta daga duk inda ta fito. Dukansu manyan malamai ne, kuma tsoron Suyuɗi yana da tushe. Amma ga abin da almajiranmu da yawa ba su lura da shi ba: Shehu Abdurrahman Akhdari, mai littafin Ahalari da muke koyon tsarki da salla a cikinsa tun muna yara, shi ne kuma mai Sullam, waƙen manɗiƙi da ya tsara a shekara ta 941 ta Hijira yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo saɓanin malamai, ya rinjayar da halaccinsa ga mai lafiyayyen hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna.

Wannan sharaɗi nasa yana da muhimmanci, domin ma'auni yana da iyaka. Ibn Khaldun da kansa ya kwatanta hankali da sikelin zinariya, wanda awonsa daidai ne amma ba a auna duwatsu da shi. Al'amuran gaibu sai ta wahayi ake sanin su. Kuma sikeli ba ya hana mai algus danna shi da yatsa. Har shi Ibn Khaldun ɗin, da ya zo kan labarin Abbasa ƙanwar Halifa Haruna Rashid da waziri Ja'afar, sai ya ƙaryata shi da hujjar cewa 'yar irin wannan gida mai daraja ba za ta aikata haka ba. Mai yiwuwa labarin ƙarya ne, amma wannan hujja girmama gida ce, ba irin lissafin da ya yi a kan mutum 600,000 ba. To, idan mai Muƙaddima bai tsira gaba ɗaya ba, wane ne a cikinmu zai bugi ƙirji?

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan wata takarda ko fatawa ko doka ta zo gabanka alhali kana da rabo a cikinta, ka musanya sunaye, ka sa kanka a gurbin abokin gardamarka, ka ga ko fassararka za ta tsaya yadda take. Kada ka yi raddi ga mutum sai ka iya faɗin hujjarsa yadda shi da kansa zai ce haka nake nufi. Kuma duk fassarar da ta zo daidai da aljihunka, ita ce ta fi cancantar ka sake aunawa, ka kai ta ga malamin da ba ya cin komai a hannunka, ba wanda ka san zai faɗa maka abin da kake so ba. Wanda yake yawo daga zaure zuwa zaure har sai ya sami mai halatta masa abin da ya riga ya ƙudurta, ba fatawa yake nema ba, shaidar zur yake nema a kan kansa, ranar hisabi kuwa ba za ta amfane shi ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, ko da a kan kawunanmu ne.