Kada Haƙurin Yaron Shago Ya Zama Ajalinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Kano a goman ƙarshe na Azumi zai tarar da teloli a kan keke tun daga buɗa-baki har sahur, cikin shago marar iska, ga hayaƙin janareta. Neman halal ne, babu shakka. Amma jikin da ake nema da shi amana ne.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar kimanin mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Yaron tela yana iya haura awa 55 cikin kwana huɗu.

Sai dai wahala ba ta cin mutane daidai, domin halaye sun bambanta. Mai saurin fushi yakan yi tsawa ya ajiye aiki, a ce ba shi da tarbiyya. Mai kawaici kuwa, wanda kunya ke hana shi ce wa maigida ya gaji, shi ake ƙara wa ɗinki. Yana haɗiye damuwa, barci ya ƙaurace masa, hawan jini ya samu ƙofa. Wani ya nemi ƙarfi a wajen tiramadol, daga nan hankali ya taɓu. Wato halin da muka fi yabo shi muka fi ɗora wa kaya.

A nan muke kira ga iyayen gida da su ji tsoron Allah. Haƙuri ibada ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba hujja ba ce ga maigida ya tatse yaronsa. Salmanul Farisi ya hana Abud Darda'i raba dare yana nafila, ya sa shi barci, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. Idan nafila ba ta halatta zaluntar jiki ba, ina ga kayan Sallah?

Maigida ya karɓi ɗinki gwargwadon hannayen da yake da su, ya raba kwana tsakanin yara, ya fitar da janareta waje. Mu kuma masu kai ɗinki mu kai tun Sha'aban. Wanda barci ya gagare shi ko ransa ya ƙuntata, a haɗa masa addu'a da ganin likita.

Allah Ya sa mu dace, amin.